Ranar da Na Ƙi Fita Daga Ofis

Duk shekara sai an turo mini irinku, masu sabuwar kwat da takalmi mai ƙyalli, kuma duk shekara tambayar ɗaya ce: "Yallaɓai, me mutum yake buƙata ya buɗe ofishinsa?" Ɗaki yake buƙata, da tebur, da allo a bakin hanya. Mai fenti zai rubuta maka sunanka da Barista a gaba kafin la'asar. In wannan ne buɗe ofis, ai an gama magana. To ku gyara zama, in gaya muku yadda na yi shekara da shekaru a nan Tudun Wada ina da allo amma ba ni da ofis.

A Kano na koyi aiki, wurin wani babban lauya, Allah ya jiƙansa. Jakarsa na ɗauka har kafaɗata ta saba. In kotu ta zauna ina bayansa ina miƙa masa takarda. Bakina ba ya buɗuwa sai ranar da ya makale a wata kotun, ya aiko in tashi in roƙi a ɗage zama. Abin da na fara ƙwarewa a kai ke nan a lauyanci, roƙon a ba mu wata rana. Kowa a sana'ar nan ya san haka: in ka ga ƙaramin lauya ya miƙe a madadin maigidansa, rana ya zo karɓa, ba shari'a ya zo yi ba. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Aikina na farko da na dawo gida belin wani makiyayi ne da shanunsa suka faɗa masarar mutane a wajen Kiru. A kan babur na je, a kan babur na dawo, ƙasan wandona duk taɓo. Daga ranar na gane kayan aikin lauyan ƙauye. Hular gashin nan da baƙar riga suna cikin leda a rataye, sai za ni babbar kotu nake kakkaɓe su. Abin da nake amfani da shi kullum babur ne, da takalmin roba na shiga gona, da tef na awo, da wata tsohuwar tafureta mai cin harafi. Daga baya aka samu kwamfuta da janareta, har da 'yar mota. Komai aka kawo karɓa nake: beli, gado, rikicin iyaka, saki, faɗan kasuwa, takardar sayen fili. 'Yan kamashon bakin kotu su jawo mini mutum a hannu, in ba su nasu. Yau ina Kiru, gobe Bebeji, jibi in ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa. Ni ne lauya, ni ne akawu, ni ne masinja. Hannu baka hannu ƙwarya muke, amma in ka gan ni da jaka ina sauri sai ka rantse gwamna ne ke jirana.

Shari'ar Malam Sale ce ta sauya mini tunani. Dattijo ne manomin masara a wani ƙauye gaba da Doguwa, mai 'ya'ya maza uku da shanun huɗa biyu. Gona ɗaya ce ke ciyar da gidan, babba, mai jar ƙasa, da layin mangwaro a gefen gabas. Maƙwabcinsa ya tashi ya ce gonar ta kakansa ce, aro aka bai wa uban Malam Sale. Babu takarda, don a wancan zamanin ba a rubutawa. Aka fara ɗaga fartanya a kan juna, sai kotu ta ce kowa ya janye ƙafarsa daga gonar har a saurari magana. Aka sa mana rana daidai saukar ruwan farko. Ku da kuka tashi a birni ba ku san me wannan yake nufi ba. A Doguwa ruwa yakan riga sauka kafin ya iso mana nan, kuma masara ba ta jiran kowa. A birni in an ɗage zama mako uku, mako uku aka rasa. A gona in aka ɗage zama lokacin shuka, shekara ce ta tafi.

Ana gab da ranar, wata motar haya ta kwashe ni da babur a Kwanar Dangora. Ƙafata ta hagu ta karye wuri biyu. Na kwanta tun shuka har masara ta yi goyo. Daga kan gado na riƙa kiran abokan aiki ina roƙon su riƙe mini shari'o'ina, kuma sun riƙe, Allah ya saka musu. Amma riƙo irin namu na lauyoyi: su tashi su ce mai shari'ar ba shi da lafiya, a ba da wata rana. Ba wanda ya san me ke cikin fayil ɗin Malam Sale, don rabin shari'ar ma ba ta cikin fayil, tana cikin kaina. Aka ɗage, aka sake ɗagewa, damina ta wuce.

Da kaka na sa aka kai ni ƙauyen, ina dogara sanda. Ko'ina ana karyar masara, ana tara ta a bakin hanya. A tsakiya ga gonar Malam Sale, ciyawa har ƙugu, ko tsinke ba a shuka ba. 'Ya'yansa suna ƙwadago a gonakin mutane. Sa ɗaya ne a turke, an sayar da ɗayan an ci. Dattijon nan ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo fura, ya ce, "Ya ƙafar, Barista? Allah ya ƙara sauƙi." Bai ce komai a kan gonar ba sai da zan tafi. Ya ce, "In baɗi ta sake kwana, wannan ma sai ya tafi, yaran kuma ba za su zauna ba." Ya nuna san da haɓarsa.

Kowa na gaya wa sai ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce ta karya ƙafa, na yarda, na kuma gode wa Allah da ya bar ni da rai. Amma ba ƙaddara ce ta ce abincin gidan mutum ya rataya a ƙafar lauya guda ba. Wannan tsari ne da muka gada a sana'a, kowa ya ƙanƙame aikinsa don tsoron kada na ƙasa ya iya ya ƙwace. Na hau mota ranar raina a ɓace, na ce wallahi an gama wannan a wurina.

Na ɗauki lauyoyi biyu. Barista Nasiru ɗan Bebeji ne, mai sanyin magana da tsabtar rubutu. Barista Hadiza 'yar Kiru ce, ta yi shekaru a Kano tana ɗaukar jakar wani kamar yadda na yi, ba a taɓa bari ta yi wa shaida tambaya ba. Na kori 'yan kamasho. Na daina karɓar komai da komai, na ce mu gona da fili da yarjejeniyar noma muka sa gaba, sauran in tura mutum wurin wanda ya fi mu. Na kafa doka cewa kowace shari'a mutum biyu za su san ta ciki da bai, kuma ofishin nan ba zai roƙi ɗage zama lokacin shuka ba don jin daɗin lauya. Duk Alhamis da yamma mu rufe ƙofa, in zama alƙali ko lauyan ɗaya ɓangaren, in yi ta yi musu ruwan tambayoyi har gumi ya karyo musu. Abokan aiki suka samu abin dariya. A bakin kotu sai ka ji, "Ga Lawan shugaban makaranta." Wani ya ja ni gefe ya ce, "Kana kiwon waɗanda za su kwashe maka mutane." Na ce su kwashe, ko a jikina.

Gaskiyar ita ce albashin mutum biyu ba wasa ba ne, kuma abin da ke ɗauke da mu aikin mutum ɗaya ne, Alhaji Tukur, mai injin casar shinkafa a hanyar Bebeji. Takardun filayensa, da na motocinsa, da na masu kawo masa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, duk mu ke yi. In Alhaji ya yi tari a wancan lokacin, ofishina ne ke kama mura.

Shari'ar Malam Sale na damƙa wa Hadiza gaba ɗaya. An yi wa alƙalin farko canjin wurin aiki, komai ya koma farko. Duk ranin nan tana hanyar Doguwa. Ta sa takalmin robana, ya yi mata yawa, ta cusa tsumma, ta zaga iyakar gonar da ƙafa. Ta zauna da mai unguwa, ta zauna da tsofaffi a gindin bishiya, ta shiga cikin gidaje wurin tsofaffin mata, inda ni ban isa in shiga ba. A can ta samo wata gyatuma da ta ga lokacin da uban Malam Sale yake dasa mangwaron nan yana ɗebo musu ruwa da tulu. Kowa a ƙasar nan ya san ɗan aro yana shuka abin da zai girbe ne, ba ya dasa itace a gonar wani, kuma mai gona ba ya zuba ido a dasa. Kafin rani ya ƙare ta fi ni sanin shari'ar nesa ba kusa ba.

Sai aka sa ranar sauraron roƙonmu na a bar Malam Sale ya yi shuka. An riga an yi ruwa biyu a Doguwa. Ranar kuma ta faɗa daidai da ranar wata shari'ar Alhaji Tukur a Bebeji, kan filin da yake ajiye motoci. Ta Alhaji ba wani abu ba ce ranar, takardu za a miƙa a dawo. Na kira shi na ce Barista Nasiru zai je.

Ya ce, "Wane ne kuma Nasiru? Barista, kai na ɗauka, ba yaranka ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi ya rubuta takardun, ya fi ni saninsu."

Ya ce, "Abokin shari'ata zai zo da babban lauya daga Kano, ni kuma a gan ni da yaro? In ta ƙauyen ce ta tsare ka, a ɗage ta mana. Ba haka kuke yi ba?"

Na ce, "Haka muke yi da. Kuma ba ita ta tsare ni ba, can ma ba za ni ba."

Ya ce zai gani, ya kashe waya.

Na san abin da kuke rayawa, don Nasiru ma ya faɗa. Tunda Hadiza ce za ta tsaya a Doguwa, me zai hana in je Bebeji in zauna kusa da Alhaji a zauna lafiya? To ku ji. Da a ce na je, da na gaya wa duk ƙasar nan cewa a ofishina mai kuɗi shi ke samun maigida, talaka a haɗa shi da yara. Da na gaya wa Nasiru da Hadiza cewa su ragowa ne. Kuma daga ranar duk wanda ya iya ɗaga murya shi zai riƙa tsara mini wa zai je ina. Ni na san wanda ya fi cancanta da kowane aiki a ofishina, ba mai injin shinkafa ba.

Wanda ya fi wuya shi ne Malam Sale. Ana gobe shari'a ya hau motar kasuwa ya zo har nan, ya zauna a kujerar da kake kai, kai mai jan taye. Ya ce, "Barista, yarinyar nan tana da ƙoƙari, ta zama 'yar gida. Amma na ji an ce ba za ka zo ba. Bara ba ka zo ba, gona ta kwana. Bana ma?"

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye muku ba. Na ce, "Malam, bara gonarka ta kwana don ƙafa ɗaya ta karye. Bana ko mutuwa na yi yau, gobe akwai mai tsaya maka. In na je ni na tashi, abin da ta rubuta zan karanta, in alƙali ya yi tambaya sai na waiwaye ta. Ita ta taka gonar."

Hadiza tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Baba, ka kawo mini gyatumar nan da mai unguwa da wuri. Ka kuma ce wa 'ya'yanka su Habu su gyara garma."

Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "To. Allah ya sa mu dace." Ya fita ba tare da ya sha ruwan da aka kawo masa ba.

Washegari Nasiru ya yi arewa, Hadiza ta yi kudu, ni na zauna. Ba zaman banza ba. Na daɗe ina bin shugabannin wata ƙungiyar manoman rani ta wajen Tiga, ina ce musu maimakon su jira a fasa kai sannan su nemi lauya, su zo mu rubuta duk wani aro da haya da jinginar gona tun kafin a shuka, mu zaga iyaka da shaidu. Ranar suka sa za su zo, suka kuma zo. Muna tsakiyar magana, hantsi ya ɗaga, sai ga motar Alhaji Tukur. An gama tasa a Bebeji lafiya lau, Nasiru ya miƙa takardu ba ko tuntuɓe. Amma Alhaji ya shigo ya same ni zaune da manoma ana shan shayi.

Ya ce, "Au, ashe lafiyarka ƙalau. A zaune kake."

Na ce, "Aiki nake, Alhaji. Bismillah, ga kujera."

Ya ce, "A haɗo mini takarduna."

Na tashi da kaina na haɗa masa su, na ɗaure da igiya, na kai har mota. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙofa a buɗe take. Amma duk ranar da ka dawo, wanda na ga ya dace shi zai tsaya maka." Direba ya ja. Na dawo na ci gaba da magana da mutanen Tiga.

Daga Doguwa shiru. Hanyar dajin nan ba sabis, na kira har na gaji. Azahar ta wuce, hadari ya haɗo daga kudu, na tsaya a baranda ina kallonsa ina cewa wannan ruwan shuka ne. In yarinyar nan ta dawo mini da wata rana a hannu, na rasa Alhaji, na kuma kashe gidan Malam Sale da hannuna. Tsoro na ji, sosai.

Bayan la'asar ta sauka daga motar haya, a jiƙe, fayil a cikin leda. Na ce, "Yaya?"

Ta ce, "Yallaɓai, bari in zauna." Ta zauna. Ta ce, "Lauyansu da ya ga ba ka zo ba, ya same ni a waje ya ce wace rana ta yi mana. Ko shaidunsa bai kira ba, ya ɗauka rana na zo karɓa. Da aka kira mu ya tashi ya ce tunda babban lauya bai samu zuwa ba, ba ya jayayya a ɗage. Na ce, Allah ya gafarta Malam, ni ce lauyar, kuma a shirye nake. Na ce ruwa ya sauka, in an ɗage yau an yanke wa gidan mutum hukuncin yunwa tun ba a saurare shi ba."

Alƙali ya saurari mai unguwa, ya saurari gyatumar a kan mangwaro. Ya ce maganar mallaka tana nan, za a ci gaba da ita, amma wanda aka samu yana noman gonar ya je ya yi shukarsa. Hadiza ta ce kafin ta samu mota, 'ya'yan Malam Sale sun ari sa sun haɗa da nasu sun yi gona.

Kada ku ɗauka daga nan sai daɗi. Alhaji bai dawo ba, har yau. A waccan shekarar na sayar da mota don kada albashi ya yanke, na koma kan babur da ƙafa mai ciwo. Masu dariya suka ƙara dariya. Amma mutanen Tiga suka sa hannu, suka jawo na Bagauda, wasu ardo-ardo suka zo a rubuta musu maganar burtali da manoma tun rani. Yau ba mutum ɗaya da zai ɗauke takardunsa ofishin nan ya girgiza. Ƙafar nan takan tashi da sanyi in kwana biyu a gida, ba shari'ar da ke tsayawa.

Da kakar shekarar ina zaune a nan sai na ji sallama. Malam Sale ne, da buhun sabuwar masara an sauke a baranda, da wani maƙwabcinsa a bayansa riƙe da hula a hannu, ka san mai matsala da ka gan shi. Muka gaisa, ya tambayi ƙafa, na tambayi iyali da amfanin gona, ya ce sai godiya. Na gyara zama, na jawo takarda da biro, na ce, "To Malam, ku shigo. Me ke tafe da shi?"

Ya ce, "A'a Barista, kada mu dame ka. Wurin lauyarmu muka zo. Tana ciki?"

Biron yana hannuna. Shekara nawa ina ratsa dajin nan a kan babur, ga shi an zo ofishina, ƙarƙashin allo mai sunana, ana tambayata hanya. Ya ɗan yi mini zafi, na minti ɗaya. Sai na ajiye biron, na ce, "Ƙofa ta biyu, hannun dama."

Masarar ma ashe ba tawa ba ce. Sai da Hadiza ta ɗebar mini.